"Kiɗan Fadama" Ba Shi Ne Swamp Pop Ba

Wata jimla ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan mu feɗe ta tare. Wani ɗalibi ne ya turo mini aikin fassara da aka ba su a kan kaɗe-kaɗen Amurka, ya ce in duba masa kafin ya miƙa. Ga yadda ya buɗe aikin:

"Kiɗan fadama wani reshe ne na kari da shuɗi da ya samo asali a kudancin Amurka."

Sake karantawa, mai karatu. In kuskuren nahawu kake nema, ba za ka samu ba. Ya san kiɗa namiji ne duk da ya ƙare da wasalin a, don haka ya ce kiɗan, bai ce kiɗar ba. Ya sa "ne" inda ya dace. Lanƙwasar ɗ da ta sauran haruffa duk tana nan. Amma ɗauki jimlar ka kai wa kawunka da ke noman rani a Kura ko a Kadawa, ka tambaye shi me ya fahimta. Zai ce maka ana maganar gangar da ake kaɗa wa manoman albasa da tumatir, wadda ko ta yaya take da alaƙa da marina, kuma wai a can wajen Birazil ake yin ta. Kurakurai uku ke nan a jimla guda, kuma babu ko ɗaya da littafin nahawu zai kama maka.

Na ukun ne mai sauƙi, bari mu kawar da shi. "Kudancin Amurka" a kunnen mutane da yawa nahiyar Amurka ta Kudu ce. In kudancin ƙasar kake nufi, ka ce "kudancin ƙasar Amurka", ko ma ka faɗi jihar kai tsaye. An wuce wurin.

Abin da ɗalibin yake ƙoƙarin fassarawa shi ne "swamp pop", wani salon kiɗa na kudancin jihar Luwiziyana da ɗan yankin Teksas da ke maƙwabtaka da ita. Kafin mu yi gardama a kan sunan, ya kamata ka san yaron da aka raɗa wa shi.

Mutanen wannan yanki iri biyu ne suka fi shiga labarin. Akwai waɗanda ake kira Cajun, ana furta shi kamar "Kejin". Jikokin Faransawa ne da Ingila ta fara kora daga yankin Acadie, a gabashin Kanada ta yau, a 1755, wasunsu suka yi ta gararamba har suka yada zango a Luwiziyana. Sunan ma kalmar Acadien ce baki ya cinye ta. Sai kuma baƙaƙen fata da ake kira Creole, jikokin 'yan Afirka, su ma Faransanci ne harshen gidansu. Kowane ɓangare yana da kiɗansa na gado, da akodiyon da gogen Turawa, ana waƙa da Faransanci. A 1921 kundin tsarin mulkin jihar ya ce da Turanci za a riƙa koyarwa a makarantun gwamnati, yara suka riƙa shan horo in an ji sun yi harshen iyayensu a makaranta. Yaran da suka tashi a wannan yanayi su ne suka zama samari a shekarun 1950. Ka ga ba abin mamaki ba ne da suka ɗauki akodiyon a matsayin kayan tsofaffi da mutanen ƙauye. Rediyo yana kawo musu Fats Domino daga Niyu Oliyans, yana kawo musu kiɗan country daga Teksas, sai suka ɗauki fiyano da jita da saksafon da ganguna, suka koma waƙa da Turanci.

Yaya yake a kunne? Mafi yawan waƙoƙin da suka yi fice na soyayya ne, kuma a hankali suke tafiya. Ka ɗauki bugu huɗu, ka raba kowane bugu gida uku: ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku, ɗaya-biyu-uku. Mai fiyano zai yi ta sassarfar nan ba tsayawa, mai ganga yana nauyaya hannu a bugu na biyu da na huɗu, jita mai kaurin murya tana hawa tana sauka a ƙasa, masu busa suna amsa wa mawaƙi. Shi kuma mawaƙin yana jan murya kamar wanda aka yi wa ƙwacen budurwa jiya da daddare. Wannan rabon bugu gida uku ba su suka ƙirƙira ba, daga Niyu Oliyans suka ɗauko shi, kuma duk wanda ya saurari "Blueberry Hill" ta Fats Domino ta 1956 ya ji shi. Abin da suka ƙara shi ne wancan kukan zuci na waƙoƙin Faransancin gidajensu, da lafazin yankinsu da Turancin bai iya rufewa ba.

In misali kake so, nemi "Mathilda" ta ƙungiyar Cookie and the Cupcakes, baƙaƙen fata ne daga garin Lake Charles, wadda masoya wannan kiɗa suke ɗauka kamar takensu. Ko "Sea of Love" ta Phil Phillips, wadda a 1959 ta kai matsayi na biyu a babban jerin mujallar Billboard, ta kuma zo ta ɗaya a jerin R&B. Ko "This Should Go On Forever" ta Rod Bernard, ita ma 1959. Kiɗan ƙauye ne da ƙananan kamfanoni suke ɗauka a garuruwa irin su Ville Platte da Crowley da Lake Charles, amma ya shiga kunnen ƙasar baki ɗaya.

To ga inda maganar take. Duk tsawon shekarun da waɗannan waƙoƙi suke tashe, babu mai kiran su "swamp pop". Masu yin kiɗan ba su san sunan ba. In an matsa musu, sai su ce kiɗan kudancin Luwiziyana ne, ko su ce rock and roll suke yi. Sunan ya yaɗu ne daga baya, wajen farkon shekarun 1970, daga alƙalamin marubutan kiɗa na Ingila irin su Bill Millar da John Broven. Wato yaro ya girma har ya yi gemu, sannan baƙo ya zo daga ƙetaren teku ya yanka masa rago.

Ba na cewa sun yi mugunta. Mutane ne masu ƙaunar kiɗan, kuma littafin Broven na 1983, South to Louisiana, yana cikin abin da ya hana a manta da mawaƙan. Amma sunan kam yana da aibi biyu, kuma ɗaya a kowace kalma.

Fara da "swamp". Wannan kalma tana nufin daji ne da ruwa ya kwanta a cikinsa, dogayen itatuwa a tsaye cikin ruwan, ga kadoji ga sauro. Akwai irin wannan wuri a Luwiziyana, ba musu. Sai dai garuruwan da aka fi ɗaukar waɗannan waƙoƙi ba a cikinsa suke ba. Ville Platte da Crowley suna kan shimfiɗaɗɗen fili ne na noma da kiwo. Ma'anar Ville Platte ma a Faransanci ita ce shimfiɗaɗɗen gari. Crowley kuwa da shinkafa aka san shi, har bikin shinkafa suke yi duk shekara. Baƙo ya kalli taswira daga nesa, ya tuna hoton da fina-finai suka ba shi na jihar, ya liƙa wa kiɗan. Irin wannan ne aka yi wa kiɗan jita na Abzinawa, su Tinariwen da Bombino na Agadas: kasuwar Turai ta kira shi "desert blues" saboda hamada take gani, alhali su masu shi kalmar da suke yawan amfani da ita ita ce assouf, wadda ta shafi kewa da bege. Na waje yana raɗa suna da abin da idonsa ya gani, na gida da abin da yake ji a rai.

Abin dariyar shi ne, ɗalibin namu da ya ce "fadama" ya fi Baturen kusa da gaskiyar ƙasar, bisa tsautsayi. Fadama a wurinmu ai ba wurin tsoro ba ce, wurin arziki ce: shinkafa, rake, albasa, kayan lambu. Da mutumin Crowley zai ji bayanin fadama, zai iya cewa lallai ta fi kama da garinsu. Amma wannan bai wanke fassarar ba, kuma dalilin na nahawu ne.

Tsaya ka lura da aikin da gajerar mallaka take yi a sunayen kaɗe-kaɗenmu. Idan Bahaushe ya ce "kiɗan kaza", wannan -n tana ɗauke da alkawari. Ko dai abin da ya biyo baya shi ne kayan kiɗan: kiɗan kalangu irin na Shata, kiɗan kotso irin na Narambaɗa, kiɗan kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, kiɗan ƙwarya irin na Barmani Coge. Ko kuma shi ne wanda ake yi wa kiɗan: kiɗan maƙera, kiɗan mahauta, kiɗan 'yan tauri. Ko kuwa aikin ko taron da ake kaɗa shi: kiɗan noma, kiɗan dambe, kiɗan biki. In wuri ne ya biyo baya, kamar kiɗan fada, to a wurin ake yin sa, kuma masu wurin ake yi wa. Kunnen Bahaushe ya saba da cika wannan alkawari. Da ya ji "kiɗan fadama" zai jera shi kusa da kiɗan noma, ya fara neman manoma da gayya. Shi kuwa Turanci yana iya jingina kalma a gaban wata don ƙamshi kawai, don ta kawo wani hoto a zuciya, ba tare da ta yi da'awar komai ba. "Swamp" a wancan suna ado ce. Da ka mayar da ita mallaka a Hausa, ado ya koma shaida, kuma shaidar zur.

Akwai wata matsalar ma. Kalmar ba a kan kiɗa ɗaya take ba. Akwai "swamp blues", na su Slim Harpo da Lightnin' Slim, mawaƙan wajen Baton Rouge da J. D. Miller ya riƙa ɗauka a Crowley. Akwai "swamp rock", wanda ake jingina wa ƙungiyar Creedence Clearwater Revival, alhali su 'yan Kalifoniya ne. Abubuwa uku ne mabambanta. Ɗalibinmu ya jefar da kalma ta biyu, wadda ita ce kan harɗaɗɗen sunan, ya maye gurbinta da "kiɗa". Ka tuna a Turanci kan suna a ƙarshe yake zuwa, a Hausa a farko. Wanda ya manta haka sai ya riƙe jela ya saki kai. In an bi hanyarsa, duka ukun sun zama "kiɗan fadama", mai karatu ba shi da yadda zai raba su.

Yanzu kalma ta biyu, "pop". A ganina aibinta ya fi na farko nauyi, ko da yake ba a cika magana a kansa ba. Gutsuren kalmar "popular" ce, wato abin da jama'a suke yayi. Ba ta gaya maka komai game da kiɗan sai cewa ya sayu. Mafi muni, ta ture sunan tushen. Ƙashin bayan wannan kiɗa rhythm and blues ne na baƙaƙen fatar Niyu Oliyans, kuma wasu daga cikin manyan masu yin sa, kamar Cookie da Phil Phillips, baƙaƙe ne. Wanda ya ji "pop" ba zai hango wannan ba. Ina jin shi ya sa Shane Bernard, ɗan mawaƙi Rod Bernard, da ya rubuta littafi a kan kiɗan a 1996, ya ajiye sunan da aka saba da shi a sama, amma ya ƙara masa ƙaramin take a ƙasa: Cajun and Creole Rhythm and Blues. Ka duba da kyau, ƙaramin taken ne ya yi aikin da babban ya kasa. Ya faɗi masu shi, ya faɗi tushensa. Irin sunan da Bahaushe zai raɗa ke nan da an bar masa.

Wannan ya kawo mu ga "kari da shuɗi". Wallahi na daɗe ina kallon wannan fassara. "Kari" ba laifi, muna cewa karin waƙa, ko da yake kalmar tana da 'yan'uwa da yawa, daga karin magana har karin kumallo, don haka ita kaɗai ba ta tsayawa da ƙafarta. Amma "blues" ba launi ba ne a nan. Turanci yana danganta shuɗi da damuwa, mu kuwa baƙi muka ba wannan aiki, shi ya sa muke da baƙin ciki kishiyar farin ciki. Bahaushe bai taɓa yin shuɗin ciki ba. To sai mu ce "kiɗan baƙin ciki"? A'a, nan ma an faɗa rami, don kalmar ta riga ta zama sunan wani tsarin kiɗa, kuma da yawa daga cikinsa na rawa ne da raha. Shi kansa "rhythm and blues" suna ne da aka zauna aka zaɓa. Kafin 1949 mujallar Billboard tana jera fayafayan baƙaƙen fata ne a ƙarƙashin "race records", wato fayafayan launin fata. A shekarar ce aka canza, kuma Jerry Wexler, wanda yake aiki a mujallar a lokacin, shi ake danganta wa sabon sunan. Ka ga ashe lakabin kasuwa ne aka sa don a kauce wa wani lakabin da ya zama abin kunya. Fassara shi kalma da kalma kamar ka fassara sunan mutum ne, ka kira Malam Ɗanjuma da wani abu a Turanci ka ce ka yi masa gata.

Maganar sunan mutum ta tuna mini wani abu, kuma yana cikin labarin. Mawaƙan nan da kansu sun canza sunayensu. John Allen Guillot ya koma Johnnie Allan. Robert Charles Guidry ya koma Bobby Charles. Phil Phillips asalin sunan gidansu Baptiste ne. Dalilin bai ɓuya ba: suna son faifai ya sayu a wajen yankinsu, kuma mai gabatarwa a rediyon wata jiha ba zai iya furta sunan Faransanci ba. Floyd Soileau, mai kamfanin faifai a Ville Platte, da ya ga yadda sunansa yake wahalar da masu karatu, ya sa wa ɗaya daga cikin kamfanoninsa Swallow, don haka ake furta sunan nasa. Wato mutanen da aka hana harshensu a makaranta, suka ajiye sunayen iyayensu don kasuwa, sannan wani ya zo ya raɗa wa kiɗansu suna da harshen da ba na kakanninsu ba. In kai ma ka zo da Hausa ka ɗora musu gayyar noman rani, ka ƙara musu rufi na huɗu ke nan.

Za ka iya cewa, to tunda sunan bai dace ba, me zai hana mu gyara shi a Hausa gaba ɗaya? Saboda suna ba bayani ba ne, kuma ba a karɓe shi daga hannun masu shi bayan sun amsa. Mutanen yankin sun rungumi "swamp pop" tuni. A Ville Platte akwai gidan tarihi da aka yi wa kiɗan da wannan suna, gidajen rediyon yankin suna shirye-shirye da shi. Mu ma muna da irin haka. "Nanaye" ba mawaƙan fina-finan Hausa ne suka zauna suka zaɓa wa kansu ba, kuma ba kowa ne yake faɗin sa da yabo ba, amma ya zauna, har ɗalibai suna rubuta kundi da shi. In wani Bature ya ce zai fassara "nanaye" zuwa harshensu, dariya za ka yi masa. Abin da za ka so ya yi shi ne ya bar kalmar yadda take, ya yi wa mutanensa bayani.

Saura tambayar rubutu: mu Hausantar da shi ne, mu ce "suwam fof", tunda ba mu da p? Ni dai ban goyi baya ba, aƙalla yanzu. Fiyano da fasinja da fakiti ba a kan takarda aka Hausantar da su ba, baki ne ya tauna su shekara da shekaru, alƙalami ya biyo baya. Wannan kalma ba ta shiga bakin kowa ba tukuna. In ka rubuta "suwam fof", ɗalibin da ya so ya nemi waƙoƙin a intanet ba zai sami komai ba, ka raba shi da abin da kake so ya sani. R&B kuwa matasanmu sun riga sun san shi da haruffansa, a bar shi haka. Jinsi ma ba matsala: tunda kiɗa muke nufi, namiji ne, "swamp pop shi ne", ba "ita ce" ba. In waƙa guda kake magana a kai, sai ka koma mace: waƙar swamp pop ce.

Ga abin da na mayar wa ɗalibin:

"Swamp pop wani salon kiɗan R&B ne da samarin Cajun da Creole suka ƙirƙiro a kudancin jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka a shekarun 1950. Marubutan Ingila ne suka yaɗa wannan suna daga baya."

Ya ce mini jimlar ta yi tsawo, kuma kalmomin aro sun yi yawa, malaminsu zai ce bai yi fassara ba. Na ce masa ya ƙirga kalmomin aron: huɗu ne, kuma duka sunaye ne na abu ko na al'umma. Sauran duk Hausa ce. Na kuma ce ya ja layi a ƙarƙashin doguwar mallakar da ke cikin "Luwiziyana ta ƙasar Amurka", don ita ce ta dawo da kiɗan daga Birazil.